Birki Kawai Na Ce A Gyara

"Zulkifilu, motata tana hayaƙi!"

Haulatu ce tsaye a gefen titin Sandamu, waya a kunne, fararen kayanta na asibiti har sun fara jiƙewa da gumi. Gaban motar sai tururi yake kamar an buɗe tukunyar dambu.

"Hayaƙi ko tururi, ranki ya daɗe?"

"Au, jarrabawa za ka yi min? Jiya-jiya fa na ɗauko ta daga garejinku!"

"Kashe ta. Kar ki taɓa murfin gaba, ya ƙona min ke. Ga ni nan."

Duk da ranta a ɓace yake, sai da wannan "ƙona min ke" ɗin ya sa ta murmushi. So dai bai san lokacin da ya dace ba.

Motar ta marigayi Abbanta ce. Ta tsufa, amma da ita Haulatu take zuwa aikinta na ungozoma a Sandamu kullum daga Daura, kuma ko an ba ta sabuwa dal ba za ta yi musaya ba. Motar ce ma ta haɗa ta da Zulkifilu, mutumin Baure, wanda ya shekara tara yana koyon kanikanci a garejin Sharu Ɗantsoho. Yanzu saura kwana shida a yaye shi, wato ogansa ya tara mutane ya sa masa albarka, ya miƙa masa akwatin kayan aiki, ya shaida wa duniya cewa wannan ya isa a ba shi mota. Wanda ba a yaye ba kuwa, komai iyawarsa, yaron wani ne. Inno, mahaifiyar Haulatu, da ƙyar ta yarda ya turo magabatansa bayan yayen, don a wurinta alƙawarin makaniki da na tela uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Ba a jima ba ya iso a kan babur, ko hannu bai tsaya wankewa ba. Ya jira motar ta huce, ya sa tsumma ya buɗe gaba, ya leƙa.

Sai fara'arsa ta ɗauke.

"Mene ne?"

"Wannan... ba lagiretonki ba ne."

"Ban gane ba."

"Tankin ruwan da ke sanyaya inji. Naki na tagulla ne, irin na da, na san shi kamar tafin hannuna. Wannan tsoho ne, da sabulu ma aka toshe hujinsa."

"Ni da na ce a gyara min birki? Wa ya cire?"

Zulkifilu ya kau da kai.

"Zan samo miki wani, sanyin idona. Yau ɗin nan."

"Ban ce ka samo wani ba. Wa ya cire na Abbana?"

Ya sunkuyar da kai yana murza tsumman.

"Haulatu... saura kwana shida a yaye ni."

Ta gane ya sani, ta kuma gane ba zai faɗa ba, kuma wannan ya fi lalacewar motar yi mata ciwo. A bayan babur ɗinsa ya ƙarasa da ita asibiti, ta sauka ta shige ko waiwaye babu.

Da la'asar ta dawo gida ta tarar labari ya riga ta. Mahdi, babban ɗan Sharu, yana zaune a zaure ya sha shadda, wai jaje ya zo. Shi ne wanda bara ya yi ta sintiri da ledar kaji yana neman Haulatu, ta ce masa ya yi haƙuri. Haƙurin dai bai yiwu ba.

"Wallahi Inno abin kunya ne," in ji shi, yana girgiza kai. "Duk garejin ba wanda ya taɓa motar nan sai Zulkifilu. Ni dai ban ce komai ba."

Ai kuwa ya gama cewa komai.

Yana fita Inno ta juyo.

"Kin ji ko, Auta? Tun ba a ɗaura ba ya fara da cikin motar ubanki. In an ɗaura sai ya kwance ƙofar ɗakina!"

"Inno, ba shi ba ne."

"Ya ce miki ba shi ba ne?"

Haulatu ta sunkuyar da kai.

"To maganar turo magabata na janye ta. Ba zan ba da 'yata ga mai dogon hannu ba."

Haulatu ta shige ɗaki ta sha kukanta. Amma ita ba mai daɗewa a kuka ba ce. Washegari da hantsi ta saka hijabinta ta nufi garejin.

Sharu Ɗantsoho na zaune a kan tsohuwar kujerar mota a inuwa. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"'Yata," in ji shi, "mota in ta fita ƙofar gareji ta fita hannunmu. Haka muka gada."

"Baba, a gafarce ni. Birki na kawo. Ba wanda ke da ikon taɓa abin da ban ce a taɓa ba sai an tambaye ni. Ko da lalacewa ya yi aka cire, nawa ne, hannuna za a ba ni."

"Wa ya gaya miki?"

"Doka ce, Baba. Akwai hukumar da ke kare haƙƙin masu saye da masu kawo gyara, a rediyo ma ana faɗa. Amma ni 'yar gida ce, ba zan fara da can ba. Ƙungiyarku zan fara kai wa."

Makanikai duk suka bar abin da suke yi suna kallonta. Wani da ke ƙarƙashin mota har ya leƙo da kai. Zulkifilu kaɗai bai ɗago ba, yana ta ɗaure noti ɗaya da ya daɗe da ɗauruwa.

Daga nan ta wuce wurin Malam Sha'aban, shugaban ƙungiyar makanikai. Ya saurare ta tsaf, ya sa zama ranar Alhamis da safe.

Ranar Laraba da yamma wayarta ta yi ƙara, ta duba ta ga Zulkifilu ne. Sai da ta kusa katsewa ta ɗauka.

"Hajiyata..."

"Ba ni da suna ne?"

"Haulatu, kin san al'adarmu. Yaro ba ya buɗe baki a kan gidan ogansa a gaban mutane. Shekara tara ina cin tuwon mutumin nan."

"Na sani."

"In na yi magana, ba yaye. In ba yaye, Inno ba za ta ba ni ke ba."

"In ka yi shiru kuma kai ne ɓarawo, nan ma ba za ta ba ka ba."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Gaba kura baya sayaki ke nan."

"Zulkifilu, ina son ka, wallahi ina son ka. Ko ba ka da sifana ɗaya zan jira ka. Amma ba zan iya zama da mutumin da zai ga an cuce ni ya sa kai ƙasa ba."

Ta kashe wayar da sauri.

Ranar Alhamis aka taru a ƙarƙashin darbejiya a ofishin ƙungiya. Inno, wadda ba wanda ya gayyace ta, ita ce ta fara shiga Keke Napep, wai za ta je ta ga ƙarshen ƙarya da idonta. Haulatu ta yi bayaninta a nutse. Sharu ya ce shi bai san zancen ba. Mahdi ya miƙe ya gyara hula.

"Ranka ya daɗe, a tambayi wanda ya yi aikin."

Malam Sha'aban ya waiga. "Ina Zulkifilu?"

Babu shi.

Inno ta taɓe baki ta kalli 'yarta. Haulatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shi ke nan, ya zaɓi shiru.

Sai ga ƙarar babur.

Ya sauko da buhu a kafaɗa, ya zo ya durƙusa, ba a gaban shugaba ba, a gaban Sharu.

"Oga, ka yafe min abin da zan yi."

Ya zazzage buhun. Lagireton tagulla ya bayyana, jajir da shi.

"Na Abbana!" Haulatu ba ta san ta faɗa da ƙarfi ba.

"Ni na gyara birki," in ji Zulkifilu. "Na tafi sallar azahar na bar Mahdi da makulli. Shekaranjiya na samu wannan a bayan sito an lulluɓe da tamfol. Akwai mai mota daga Mashi da aka yi wa alkawarinsa, gobe zai zo."

"Ƙarya yake!" Mahdi ya daka tsawa.

"To a kira na Mashin," in ji Malam Sha'aban, ya zaro waya. "Mahdi, ba ni lambarsa."

Mahdi ya hau lalube aljihu, ya lalubi na dama, ya lalubi na hagu, gumi na keto masa. Wurin ya ɗauki dariya, ban da Sharu, wanda ya kafe ɗansa da ido har sai da ya zauna.

Malam Sha'aban ya yanke magana. Garejin Sharu zai mayar da lagireto, ya duba duk abin da zafin ya taɓa a inji ya gyara, ba tare da an karɓi ko sisin yarinya ba. Ya kuma ja kunnen kowa: daga yau a rubuta aikin da mai mota ya ce a takarda kafin a ɗaga sifana, abin da aka cire kuma a miƙa wa mai shi.

"Kin gamsu, 'yata?"

"Na gamsu, Baba. Allah ya ƙara girma."

Sharu ya miƙe ya kaɗe riga. Ya dubi Zulkifilu da ke durƙushe har yanzu.

"Ka kyauta. Yaye kuma ka manta da shi."

"Na gode, Oga."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Hawaye suka cika idon Haulatu. Ta samu lagireto, ta wanke masoyinta, amma shekara tara ta tafi a safiya ɗaya, kuma ita ce sila.

Sai ta ji Inno ta yi gyaran murya.

"Kai, yaro. Matso nan."

Ya matso ya sake durƙusawa.

"Kana da gareji?"

"Babu, Inno."

"Kayan aiki fa?"

"Babu."

"To me kake da shi?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Babur... shi ma na yayana ne."

Inno ta ƙyalƙyale da dariya har tana riƙe ciki.

"Ka ga irinta, ko a nan ya kasa ƙarya! Ranar Asabar ka turo min magabatanka. In sun makara na fasa."

"Inno!" Haulatu ta rufe fuska da hijabi.

"Rufe min baki, ba ke kika hana ni barci da kuka ba?"

A hanyar fita Zulkifilu ya rage tafiya har suka jera.

"Hajiyata, yanzu ina da izinin kiran sunan?"

"Sai na yi shawara."

"Makaniki marar sifana fa za ki aura."

"Ni kuma ungozoma ce mai mota. Ka ga kullum kana da aiki."

Ranar Asabar da hantsi gidan ya cika da ƙamshin turaren wuta da na miya. Kawunnan Haulatu suna zaure, ita kuma tana maƙale a bayan labulen tagar ɗakin Inno tana leƙen waje. Mutanen Baure suka iso, dattawa uku da goro da alawa. A bayansu sai ga motarta ta tsaya a ƙofar gida, an wanke ta tas, injin na kaɗawa lafiya lau.

Wanda ya fito daga mazaunin direba ya sa ta dafe ƙirji.

Sharu Ɗantsoho ne, cikin babbar riga, yana rungume da jan akwatin ƙarfe.

"Inno... Inno, zo ki gani!"

Suka lallaɓa har bakin zaure suka kasa kunne. Bayan gaisuwa suka ji an dire akwatin a ƙasa, ƙarafa suka yi ƙara.

"Kwana biyu ban runtsa ba," in ji Sharu. "Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Amma na zauna na duba, a cikin yaran da na koyar har da wanda na haifa, mutum ɗaya ne ya ji tsoron Allah fiye da tsorona. Ga kayan aikinsa, na yaye shi, Allah ya yi masa albarka. Kuma in dangin Baure sun yarda, ni zan nema masa auren nan da bakina."

Zauren ya kaure da kabbara da addu'a. Inno ta rangaɗa guɗa tun ba a kai ga shafa fatiha ba, har wani kawu ya leƙo ya ce a yi a hankali.

Haulatu ta koma ɗaki da gudu, tana dariya tana share hawaye. Wayarta na kan gado tana ƙara.

"An ba ni?" in ji Zulkifilu. "Ina bakin layinku, na kasa zama. Haulatu, don Allah me suka ce?"

"Ogan naka ya zo."

"Oga? Innalillahi... ya ɓata?"

"Ya kawo akwati, Zulkifilu. Ja, mai nauyi. Ya yaye ka."

Can ta ji yana jan hanci.

"Kuka kake yi?"

"Wa? Ni? Ƙura ce ta shigar min ido." Ya ja numfashi. "Ke fa? An ba ni ke?"

Ta kwanta rigingine tana kallon rufin ɗaki, farin ciki ya cika ta har wuya.

"An ba ka, Oga Zulkifilu."