Shirun Ƙarfe Huɗu

Bari in fara amsa laifina: har yau ban iya bambance kore da shuɗi ba, ga shi kuma labarin mai zane zan ba ku.

Ta yi jifa da burushi, ta leƙo ta taga.

"Malam mai janareta! Don girman Allah kashe abin nan!"

Ya ɗago kai, baƙin mai har goshi. "Ranki ya daɗe, in ban gwada ba, ya zan san ya gyaru?"

Shekara uku ke nan tana zana kurmi guda. Tana ƙarama marigayi babanta yakan rera mata waƙar wani kurmi inda har faɗuwar ganye ake ji. Rabin baitocin sun ɓace mata. Duk sanda ta kusa kamo su, sai injin ƙasan bene ya yi tari ya tashi.

Washegari mai gyaran janaretan ya hawo ban haƙuri. Ya daɗe tsaye gaban zanen.

"Ina ne nan?"

"Ban sani ba..." ta ce. "Ko sau ɗaya ne, in ji shirun da Baba ya ji."

Daga ranar, ƙarfe huɗu na bugawa sai shagon ya yi tsit. Awa guda cur. Masu kaya suna masifa, shi ko yana kan benci ya naɗe hannu, tari ma haɗiye shi yake yi.

A cikin shirun nan baitocin suka riƙa dawowa, ɗaya bayan ɗaya.

Da ya aiko neman aurenta, yayanta ya yi tsalle ya dire.

"Mai baƙin mai? Ke da ko cokali ya faɗi sai kanki ya yi ciwo! Ga abokina da gidansa a bayan gari!"

"Yaya, kowa surutu ya kawo min. Shi kaɗai ya kawo min shiru."

Yaya ya sallama, karo na farko a tarihinsa.

Sati guda da auren, ango ya rufe shago.

"Shirya, zuciyata. Kurmin nan sai mun gano shi!"

Ta ruga wajen mahaifiyarta, idonta taf da ƙwalla.

"Mama, a ina yake? Wace hanya Baba yake bi?"

Mama ta ci gaba da ninke kaya.

"Wane kurmi? A gindin injin niƙa ya tsara waƙar nan. Babanku ko gona bai taɓa shiga ba, tsoron maciji yake ji."