Safar da Auta Ya Aika wa Soja

Ranar Litinin ce. Tun asuba ake yayyafi, rana ba ta leƙo ba.

A aji huɗu akwai wani yaro. Shi ne ƙarami a gidansu, don haka Auta kowa yake ce masa, har a makaranta. Ba shi da rashin ji. Abu ɗaya ne ya ɗauke masa hankali, shi ne ƙwallo.

Malama ta shigo aji da tarin kwalaye, ta jibge su a kan tebur.

"Kun san sojojinmu da aka tura bakin daga, can kan duwatsu?" in ji ta. "Wata takwas ke nan ba su ga gida ba. Za mu aika musu da saƙo. Kowane yaro kwali ɗaya, kowane kwali soja ɗaya."

Abokin Auta, wanda ake kira Gajere, ya ɗaga hannu.

"Malama, mu sa musu bindiga?"

"Bindiga suna da ita, sarkin surutu. Abin da ba su da shi za mu sa."

Ta rubuta a allo: sabulu, ganyen shayi, sukari, man shafawa, safa.

"Ku naɗe sabulu daban a cikin leda," in ji ta. "In ba haka ba, sukari zai kwashe ƙamshinsa. Kuma kada wanda ya manta da safa. Soja wuni yake cikin takalmi, ga ruwa ga sanyi. In safa ta jiƙe babu ta canji, ƙafa sai ta yi ciwo."

Da yamma Auta ya gaya wa Mama. Mama tela ce, kekenta yana bakin taga. Ta tashi daga kan keken, ta yafa mayafi, ta tafi shagon bakin titi. Ta dawo da komai.

Auta ya zazzage ledar a kan tabarma. Sai ya ga safar.

Baƙa ce, doguwa, mai kauri. Irin wadda manyan 'yan ƙwallo suke ja har gwiwa. Ya shafa ta. Ya sake shafa ta.

"Shirya kwalinka da kyau," in ji Mama. "Ni zan ƙarasa wannan rigar."

Keke ya ci gaba da ƙara. Mama ba ta waiwayo ba.

Auta ya sa sabulu cikin leda, ya ɗaure. Ya jera shayi da sukari da mai. Ya rubuta 'yar takarda: "Allah ya tsare ka. Daga Auta, aji huɗu." Sannan ya ɗauki safar, ya tsaya.

"Ai Malama safa kawai ta ce," ya faɗa a ransa. "Ba ta ce sabuwa ba. Kuma sojan bai san ni ba."

Ya shiga ɗaki. Ya ciro tsohuwar safarsa ta makaranta. Ƙarama ce, ta koɗe, kowace ƙafa da huda a wajen babban yatsa. Ya cusa ta a ƙasan kwali. Sabuwar kuwa ya tura ta can ƙasan jakarsa.

Ya rufe kwalin, ya liƙe shi da salatif har zagaye uku.

"Ka gama?" in ji Mama.

"Na gama."

"Allah ya yi maka albarka."

Bai ce amin da ƙarfi ba.

Ranar Laraba mota ta zo ta kwashe kwalayen. Shi ke nan.

A filin ƙwallo kawai Auta yake sa safar. In an tashi wasa sai ya cire, ya mayar jaka. Ba ta yi masa daidai ba. Dunduniyarta a kan ƙwabrinsa take zama, in ya yi gudu kuma sai ta zame ta taru a idon sawu.

"Kai Auta, wannan safa ce ko buhu?" in ji Gajere.

"Kawuna ya ba ni."

"To kawun nan naka raƙumi ne."

Yara suka yi dariya. Auta ya ja safarsa sama, ya ci gaba da wasa.

Bayan mako bakwai, Malama ta shigo aji da wasiƙu a hannu. Sojoji sun ba da amsa.

Ta fara karantawa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ya fi wata biyu bai ga sabulu ba. Wani ya ce da ya buɗe kwalinsa sai da ya yi hawaye. Sojan Gajere ya ce ya gode, sai dai shayinsa har kumfa yake yi.

"Ban ce a naɗe sabulu ba?" in ji Malama.

Aji ya fashe da dariya. Gajere ya sosa ƙeya.

Sai Malama ta ɗago wata wasiƙa. "Wannan na ajiye ta ƙarshe. Ta Auta ce. Wani Kofur ne ya rubuto. Ku yi shiru."



Malama ta karanta:

"Zuwa ga Auta. Saƙonka ya iso, na gode. Nan inda muke akwai sanyi, kuma ruwa ba ya ɗaukewa. Safata ɗaya ce, ta daɗe da lalacewa, ƙafata duk ta kumbura. Da aka raba kwalaye, kowa ya ciro sabuwar safa. Ni kuma na ciro 'yar ƙarama mai huda. Abokaina suka yi ta dariya. Suka ce, Kofur, wannan ko kunnenka ba za ta rufe ba.

"Ni ban yi dariya ba. Ina da ɗa kamarka a gida. Na ce musu, ku yi shiru, yaron nan ba shi da abin da zai bayar ne, shi ya sa ya cire ta ƙafarsa ya aiko min.

"Ba ta shiga ƙafata ba. A hannu nake sa ta in ina gadi. Babban yatsana ta hudar yake fitowa, kamar don ni aka yi ta. Duk sanda na kalle ta, sai in tuna akwai wani yaro a gida da bai manta da mu ba. Allah ya raya ka."

Malama ta ninke takardar. Idonta ya kawo ruwa.

"Kun ji ko? Ku tafa masa."

Aka yi ta tafi. Gajere ya fi kowa, har yana dukan benci. Auta ya sunkuyar da kai. Jakarsa tana jingine da ƙafarsa, safar Kofur tana ciki. Ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Dubi yadda yake jin kunya," in ji Malama. "Haka yaran kirki suke. Gobe shugaban makaranta zai kira ka gaban kowa. Karɓi, kai wa mamanka ta gani."

Ranar Auta bai je fili ba. Gajere ya yi ta kira, bai juyo ba.

A gida Mama ta ajiye masa abinci. Ya zauna yana juya cokali.

"Lafiya?"

"Lafiya lau."

"Auta, ni na haife ka. Abinci a gabanka, ka ce min lafiya lau?"

Ya miƙa mata wasiƙar. Ba ta karɓa ba, allura tana hannunta.

"Karanta min. Idona ya gaji."

Ya fara. Da ya kai wajen da Kofur ya ce ƙafarsa ta kumbura, sai ya kasa ci gaba. Mama ta karɓa, ta ƙarasa da kanta.

Ta ajiye takardar, ta zuba masa ido. Da duka ta yi masa, da ya fi masa sauƙi.

"Ƙarama mai huda," in ji ta. "Wadda na ce zan ɗinke maka?"

"E."

"Ina wadda na sayo?"

Ya buɗe jaka, ya ciro ta. Ta yi ƙura, ciyawa ta maƙale mata. Ya fashe da kuka.

"Mama, ki yi haƙuri."

"Ni ƙafata ba ta kumbura ba," in ji Mama. "Ba ni ka cuta ba. Mutum yana can cikin ruwa don mu yi barci lafiya. Ka hana shi safa, kuma yana yi maka addu'a."

"To yaya zan yi?"

"Kai za ka faɗa min."

Auta ya share ido. "Zan gaya wa Malama."

"Sai kuma me?"

"A aika masa da sabuwa."

"Da kyau. Amma ni na sayi tawa, ba zan sake ba."

Auta ya kalli bayan ƙofa. Ƙwallonsa tana nan, wadda babansa ya kawo masa tsaraba. Duk layinsu ba mai irinta. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗauka, ya nufi shagon bakin titi.

Mai shago ya jujjuya ƙwallon a hannu.

"Kai da ko taɓa ta ba ka bari a yi? Yau me ya faru?"

"Baba, safa nake so. Ta manya, mai kauri."

"Ta wa?"

"Ta wani soja. Na ci masa tasa."

Mai shago ya dube shi ta saman tabarau. Bai ƙara tambaya ba. Ya ce jikansa ya daɗe yana damunsa da maganar ƙwallo. Ya ajiye ta, ya ɗauko safa har ƙafa biyu, ya miƙa masa.

Kashegari tun kafin a kaɗa ƙararrawa Auta ya sami Malama a aji tana share allo. Ya faɗa mata komai, bai rage ko ɗaya ba.

Malama ta ajiye tsumman.

"Ka san da ka yi shiru, ba wanda zai sani?"

"Na sani, Malama."

"To me ya sa ka faɗa?"

"Tafin jiya ne. Har yanzu yana damuna."

Malama ta gyaɗa kai. "Zan gaya wa shugaba a fasa kiranka. Amma 'yan ajinku sun tafa maka. Su ma suna da haƙƙin su ji."

Wannan ya fi komai wuya. Ya tsaya a gaban allo. Ya faɗa a taƙaice.

Can sai Gajere ya ce, "Ashe dai kawun nan naka Kofur ne."

Wasu suka yi dariya. Auta bai ɗago ba.

"Ya isa," in ji Malama. "Ya yi laifi, ya kuma faɗa da bakinsa. Wanda bai taɓa ɓoye laifi ba a cikinku ya ɗaga hannu."

Ba wanda ya ɗaga.

Auta ya rubuta wasiƙa. Sau uku yana yagewa. Ta huɗun ita ce wannan:

"Zuwa ga Kofur. Abin da ka zata ba haka ba ne. Mamata ta saya maka sabuwa, ni na ɓoye ta don in buga ƙwallo. Ka yafe min. Ga taka nan. Yaya ƙafar?"

Aka haɗa da safar, aka aika.

Amsa ta yi wata biyu ba ta zo ba. Kullum Auta sai ya kalli hannun Malama in ta shigo. Ya ɗauka Kofur ya yi fushi.

Wata Alhamis Malama ta kira shi, ta miƙa masa takarda. Wannan karon ba ta karanta wa aji ba.

"Zuwa ga Auta. Safa ta iso, ƙafa ta gode, kumburi ya saɓe. Da na karanta wasiƙarka na ji ba daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Amma na sake karantawa. Na ga manyan maza da ba sa tsoron harsashi, amma ba sa iya cewa na yi laifi. Kai ka iya. Na yafe maka. Ƙaramar kuwa ba zan mayar ba, hannuna ya saba da ita. Ka gaida mamanka."

Auta ya ruga gida a guje. Ya karanta wa Mama tun daga bakin ƙofa, wannan karon har ƙarshe.

Mama ta yi murmushi, ta jawo shi jikinta.

"To ka riƙe wannan," in ji ta. "Abin da aka ba ka ka kai wa wani, ba naka ba ne, ko da ba mai ganinka. In kuma ka yi laifi, ka faɗa, kada ka karɓi yabon da ba naka ba."

"Na riƙe, Mama."

"Tashi ka ci abinci."

Ya ci, har ya nemi ƙari.

Da ma Malama ta ce za a sake aika kwalaye. Washegari da sassafe Auta ya riga kowa zuwa aji. Ya shirya kwalinsa, ya ɗora sabuwar safa a sama inda za a fara gani. Sannan ya jawo na Gajere, ya ciro sabulun, ya naɗe shi cikin leda, ya ɗaure tam.