Kaza Mai Kwancin Kwana Biyar

Ranar Juma'a da la'asar aka shigo da Sale mai ruwa caji ofis a Dutse, riga a yage, leɓe a fashe, mutanen Yalwawa sun fi talatin a bayansa. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce, lokacin da ko akuya ta ɓata sai ka ji ana zancen yanke hannu, kowa ya zama alƙali a bakin titi.

Sufeto Mailafiya ya fito ya tambayi abin da aka sata. Aka ce ƙwai.

"Kiret nawa?"

"Guda goma sha biyu, ranka ya daɗe."

Da ba don fuskar Sale ba, da ya yi dariya. Sale magidanci ne har da furfura a gemu, ya cusa hannun dama cikin hammata ya matse. Matarsa Kubura ta zube a gaban kantar 'yan sanda.

"Yallaɓai, ka dubi girman Allah. Da hannun nan yake tura kurar ruwa. 'Ya'ya biyar gare mu."

Sufeto ya san ƙwai sha biyu ba su kai a taɓa hannun kowa ba. Amma ya san mai ruwa da amana yake cin abinci, don shi ne namijin da ake bari ya shiga har tsakar gida. Ranar da kotu ta kira shi ɓarawo, babu ƙofar da za a sake buɗe masa. DPO kuwa da ya leƙo ya ga taro, sai ya ce, "Litinin da safe ka kai shi kotu, kada a ƙona mana ofis."

Kwana biyu ke nan suka rage wa Sale.

Kafin magariba Sufeto ya isa gidan mai ƙarar, Hajiya Mahbuba, malamar firamare da ta yi ritaya. Ta kai shi wani ɗan ɗaki mai duhu a bayan gida. Akwatin katako ne a ciki mai murfin gilashi, da fitilar kananzir a ƙasansa tana ba shi ɗumi.

"Maigidana ne ya ƙera shi da hannunsa, Allah ya jiƙansa," in ji ta. "Sha'awa ce kawai, ba ma sayarwa. Watan jiya annoba ta share kajin unguwar nan, nawa ko ɗaya bai tsira ba. Ƙwai sha biyar ɗin nan su ne ƙarshen irinsa. Yau kwanansu goma sha tara. Sau uku nake juya su kullum, kowanne da alamar fensir don kada in rikice. Jibi fa za su fashe, Sufeto. Jibi!"

Ta kai bakin mayafi fuska. Ya bari ta share ido.

"Ina kike aka ɗauke su?"

"Asibiti na je da safe. Ba na kulle gida saboda mai ruwa."

"Wa ya ga Sale?"

"Maƙwabcinmu, Malam Sharhabilu. Shi ya ce ya ga fitarsa da abu a riga."

Sufeto ya leƙa akwatin. Ƙwai uku na nan a kusurwa.

"Waɗannan fa? Ɓarawon ya ƙoshi ne?"

Hajiya ta sunkuya ta ɗauki wani kwali mai huda a tsakiya, ta kara shi a jikin fitilar, ta ɗora ƙwai ɗaya a hudar. Haske ya ratsa shi tas.

"Ka gani? Bara-gurbi ne, babu komai a ciki. Mai ɗa baƙi ƙirin yake yi. Na daɗe da sani, zubarwar ce na kasa."

"Duka ukun haka suke?"

"Duka."

"A ƙasa kike ajiye kwalin nan?"

Ta dubi ƙusar da ke bango, ta dubi kwalin. "A can nake rataye shi."

Sufeto ya sake duban ƙwai ukun. Wanda ya shigo ɗakin nan ya tsaya ya haska ƙwai sha biyar ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi masu rai. Mai neman na suya ba ya wannan wahalar.

Asabar da safe ya sa aka fito da Sale daga bayan kanta. Ko kokon da Kubura ta kawo bai taɓa ba.

"Ka shiga gidan?"

"Na shiga, yallaɓai. Jarka huɗu na juye a randa na fito. Wallahi ko ƙofar ɗakin ban duba ba."

"Ka iya haska ƙwai?"

"Haska shi? Ni dai na san a dafa."

"Kai da kake shiga kowane gida, wa ke da sauran kaza a layinku?"

Sale ya yi tunani. "Annoba ta gama da su. Sai wata wake-wake ta Malam Sharhabilu, mai shan ruwan da ke ɗiga a ƙarƙashin kurata. Ita ma kwana biyar rabona da ita. Na ɗauka ta bi 'yan'uwanta." Sai ya kamo bakin rigar Sufeto. "Yallaɓai, in an yanke, na dama za a yanke ko?"

Abin ya sosa wa Sufeto rai ƙwarai. Ya ɗauki hularsa ya kira kofur.

Malam Sharhabilu akawu ne a sakatariya, mai fara'a da yawan gaisuwa. Ya shimfiɗa musu tabarma a zaure.

"Kana kiwon kaji, Malam?"

"Da dai. Tun annobar nan na wanke hannuna."

"Ko ɗaya babu?"

"Ko gashi."

"To bari mu leƙa akurkin, a cika aiki."

Aka yi sallama, mata suka shige ɗaki. Kofur na zura hannu a akurki aka kai masa sara, ya janye da sauri. Wake-wake ce kwance, ta bubbuɗe gashi tana huci.

"Af, wannan!" in ji Sharhabilu. "Na manta da ita. Kwanci take, yau kwana biyar. Ƙwanta ne, kowa ya san ranar da ta daina fita."

Aka ɗaga ta. Ƙwai goma sha biyu cif.

Sufeto ya aika aka kira Hajiya Mahbuba. Ta ɗauki ƙwan ɗaya bayan ɗaya tana juyawa. Babu alamar fensir ko ɗigo.

"Naki ne?"

"Sun yi kama... Sufeto, ƙwai ai ƙwai ne. Ba zan rantse ba."

"Kun ji ko?" Sharhabilu ya ɗaga murya don 'yan kallo su ji daga zaure. "Ni da na taimaka aka kama ɓarawo, ni ake wa bincike!"

Gumi ya karyo wa Sufeto. Zargi gare shi fal ciki, hujja babu, Litinin kuma na matsowa. Ya tsuguna gaban akurkin, ya rasa abin da zai ƙara tambaya. Can sai ya ji wani ɗan sauti siriri, irin wanda ya saba ji yana yaro a bayan ɗakin mahaifiyarsa a Garki.

"Kowa ya yi shiru!"

Ya ɗauki ƙwai ɗaya ya kara a kunne, sannan ya kara wa Hajiya. Tsiyau. Tsiyau. A gefen ɓawon har an ɗan tsaga, ga ƙaramin baki yana motsi.

Hajiya ta fashe da kuka.

"Malam Sharhabilu," in ji Sufeto, "kwana nawa kaza take yi kafin ta ƙyanƙyashe?"

Sharhabilu ya kawar da kai.

"Kai ne gwani, faɗa mana."

"Ashirin da ɗaya."

"Taka kuma ta yi a biyar. Ko dai a kira gidan rediyo su zo su ga abin al'ajabi?"

Sharhabilu ya sulale ya zauna a ƙasa, hula ta faɗi bai ɗauka ba.

"Ni na koya wa marigayi haska ƙwai. Tare muka ƙera akwatin nan. Da annoba ta kashe nawa, na roƙe ta shida kacal, ta ce a gaban mutane wai hannuna kashe kaji yake yi. Sai kazar nan ta kama kwanci a kan ƙasa tsura, kullum ina kallonta. Na kasa daurewa. Da kilinar ofis na goge fensirin."

"Sale fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Da ta yi ihu, na tsorata. Kurarsa na fara hangowa."

Kofur ya sa masa ankwa. Aka fito da shi ta cikin mutanen da jiya suka fasa wa Sale baki, yau kowa na kallon ƙasa. Kazar kuwa Sufeto ya ce a bar ta a kan ƙwan, babu ruwanta da shari'ar.

Lahadi da hantsi ya koma gidan Hajiya ɗaukar bayani. 'Yan tsaki tara ne suka fito, suna cikin kwando. Yana cikin rubutu aka ji ƙarar kura a waje. Hajiya ta fita da sauri, ko takalmi babu.

"Malam Sale, ka yafe mini. Shigo ka ga abin da aka samu. Shigo mana, gidanku ne."

Sale ya sauke jarka huɗu ya jera su a bakin ƙofa, leɓensa har yanzu a kumbure.

"Na yafe, Hajiya, duniya da lahira. Amma daga yau a nan zan riƙa ajiyewa."

Ya kama kurarsa da hannu biyu ya tura ta gaba.