Surukin da Ya Ƙi Cin Alewa

Tun da hantsin Lahadi gidan Baba Firmin ya cika da ƙamshin furen lemo. Gidan a saman shagonsa yake, a wani lungu na garin Arles a ƙasar Faransa, inda kakansa ya fara sayar da alewar gimof, mahaifinsa ya gada, shi ma ya gada. Alewa ce fara mai laushi kamar auduga, idan ka danna ta da yatsa sai ta lotsa ta taso. 'Yan unguwa kan ce Baba Firmin zai yafe maka idan ka taka masa ƙafa, amma ba zai yafe ba idan ka ce gimof ɗin wani ya fi nasa.

Ranar ce saurayin 'yarsa tilo, Noelie, zai zo gaisuwar farko. Sunansa Gaetan, likitan dabbobi ne. Noelie ta riga ta gaya wa mahaifiyarta, Mama Josiane, cewa ba ya cin nama ko kifi, ba ya cin ƙwai, ba ya shan madara. Saboda haka Mama ta yi miyar yalo da tumatir da man zaitun, ba ta gaya wa mijinta dalili ba. Baba ne dai Noelie ta kasa gaya wa. Duk lokacin da ta buɗe baki sai ta gan shi a bakin tukunya yana waƙa, yana cewa yau surukinsa zai san gidan da ya shigo, sai ta haɗiye maganar.

Gaetan ya iso da furanni, dogo mai kunya. Abinci ya tafi lafiya lau. Ya yaba miyar Mama, ya duba wa tsohuwar kyanwar gidan kunne, ya yi dariya a duk inda ya kamata a yi wa labarin Baba dariya. Har Baba ya fara kiran sa "yarona". Daga nan ya shiga ciki ya fito da faranti, gimof a jere, an barbaɗe shi da garin sukari.

— Ɗauki, yarona. Da hannuna na yi, kuma dominka na yi.

Gaetan ya dubi farantin, ya dubi Noelie, wadda ta sunkuyar da kai.

— Baba, ka gafarce ni. Akwai jelatin a ciki?

Baba ya yi dariya, ya ce to da me zai tsaya in ba jelatin da farin ƙwai ba? Jelatin kuwa daga ƙashi da fatar dabbobi ake samun sa, shi ne abin da ke sa romon ƙafar saniya ya daskare idan ya huce. Gaetan ya sassauta murya ya ba da haƙuri, ya ce ba zai iya ci ba.

Baba ya ajiye farantin a hankali, fuskarsa ta sauya. Ya ce limamin coci ya ci alewarsa, alƙali ya ci, har mai ciwon sukari ya taɓa satar jiki ya ci, yau ne karon farko da aka mayar masa da ita a cikin gidansa. Bayan baƙon ya tafi ya yanke hukunci a gaban matarsa da 'yarsa.

— Wanda ya ƙyamaci abin da hannuna ya yi, ba zan ɗauki hannun 'yata in sa a nasa ba. Da wannan alewar na ciyar da ke, na kai ki makaranta. In ƙazanta ce, to da ƙazanta na raine ki.

Noelie ta fashe da kuka, ta ce ba haka Gaetan yake nufi ba, amma Baba ya riga ya sauka shago.

Washegari ta haɗu da Gaetan a bakin kogi, idanunta a kumbure. Ta san dalilinsa. Lokacin yana ɗalibi an tura shi aikin duba dabbobi a mayanka, abin da ya gani a can ya sa ya yi wa kansa alkawari, bai kuma taɓa karyawa ba, bai kuma taɓa yi wa kowa wa'azi a kai ba. Amma da ya ga halin da take ciki sai ya ce zai koma ya ci ɗaya, ai ɗaya ba za ta kashe shi ba. Noelie ta dube shi, ta ga yadda maganar ta fito masa da ƙyar.

— A'a. In ka karya alkawarin da ka yi wa kanka saboda ni, gobe da wane ido zan kalli wanda za ka yi mini?

Ƙawayenta sun ce ta bar wahalar da kanta, ai shekarunta sun kai, ta je ofishin magajin gari a ɗaura aure, tsoho zai huce daga baya. Gaskiya ne doka ba ta hana ba. Sai dai Noelie ta ce ita ba ta ga auren da za ta yi ba tare da Baba ya riƙo hannunta ya shiga da ita ba, Gaetan ma ya ce ba ya son ya shiga dangi ta taga.

Ana nan sai ga Gwaggo Huguette, yayar Baba, mace mai son gyara kowace ɓaraka ta hanya mafi kusa. Ta ja Noelie gefe.

— Ke yarinya, wannan ma abin kuka ne? Ɗebi gimof ɗin ubanki ki kai wa yaron, ki ce sabon haɗi ne babu jelatin. Ya ci a gaban Firmin, kowa ya huta. Harshensa yana da ido ne?

Dabarar ta shigi Noelie. Gaetan ba zai taɓa zargin ta ba, ta san wannan, kuma sanin hakan ne ya sa ta girgiza kai.

— Gwaggo, mutumin da ya yarda da ni ido rufe, shi zan fara yi wa ƙarya? Gara in yi wanda babu jelatin ɗin da gaske.

Gwaggo ta taɓe baki, ta ce Allah ya ba da sa'a.

Haka Noelie ta shiga gwaji a kicin ɗin sama, a ɓoye, duk lokacin da Baba yake shago. Ta ji cewa ruwan da aka dafa waken nan mai kama da gurjiya yana kumfa kamar farin ƙwai idan an kaɗa shi, kuma akwai wani gari da ake kira agar, daga ciyawar teku, mai daskarar da abu. Na farko ya fito kamar kunu. Na biyu ya yi tauri kamar roba. Wani ya tashi fari tas abin sha'awa, kafin ta wanke hannu ya zube ya kwanta. Duk wanda ta yi Gaetan ne ke cinyewa, da cokali ko da wuƙa, yana rantsuwa cewa na yau ya fi na jiya.

Matsalar ita ce ruwan kaɗai ake buƙata, waken kuma Mama ba ta yarda a zubar ba. Sai gidan ya koma gidan wake. Yau miyar wake, gobe wake da albasa, jibi wainar wake. Baba ya ci har ya gaji, ya tambaya ko an yi yaƙi ne ba a gaya masa ba. Mama ta ce likita ya ce wake na da kyau ga masu shekaru, ta ƙara masa wani ludayi.

Bazara ta wuce, uba da 'ya ba sa wuce gaisuwa. Noelie na tsayawa a shago tana yi wa masu saye murmushi, ta hau sama ta yi kuka a kan tukunya. Baba ma ya daina waƙa.

Wata Litinin, ranar da ba a buɗe shago, Gwaggo Huguette ta zo ta tarar da ƙanenta zaune ya zabga tagumi. Ta hau shi da faɗa, ta ce shi da 'yarsa duk jirgi ɗaya ya ɗebo su wajen taurin kai. A cikin faɗan ne bakinta ya suɓuce, ta faɗi dabarar da ta kawo da yadda yarinyar ta ƙi, ta kuma tona asirin waken.

Baba ya ɗago kai. Shi mutum ne da bai taɓa ɓoye wa mai saye abin da ke cikin alewarsa ba, ko da zai rasa ciniki. Ya sa Gwaggo ta maimaita abin da Noelie ta ce, ta maimaita. Sai ya tashi ya nufi kicin.

Ya tarar da Noelie tana juya sukari a wuta. Ta daskare, cokali a hannu. Ya leƙa tukunyar ya ɓata fuska.

— Wa ya koya miki juya sukari yana tafasa? Matsa. In za a ɓata sunan gidan nan, bari in ɓata da hannuna.

Ya ɗaura gyauton aiki, ya sa aka ƙara dafa ruwan waken har ya yi kauri, ya matsa lemon tsami kaɗan, ya kaɗa har kumfa ya tsaya. Ya dafa sukarin yadda ya saba, ya jiƙa agar a ruwan ɗumi kamar yadda yake yi wa jelatin, ya haɗa ya zuba a faranti yana hura hanci. Da aka zo yankawa sai abin ya bi wuƙa ya malale. Mama ta juya baya tana ɓoye dariya. Baba ya kalli farantin kamar wanda ɗansa ya zaga. Ya sake gwadawa, aka sake samun kunu.

A nan Noelie ta ce, cikin ɗari-ɗari, Gaetan ya san agar ɗin nan, domin da shi suke renon ƙwayoyin cuta a ɗakin gwajinsu. Tun farko ya so ya taimaka, ita ce ta hana, tana ganin aikin na 'yar mai alewa ne. Baba ya ce ashe abincin cuta ake sa shi zubawa a tukunyar kakansa. Ya yi ta kai da komo, can ya tsaya.

— Kira shi. Ki ce ba gaisuwa na ce ya zo ba, aiki ne.

Gaetan ya zo da sauri har da haki. Baba bai amsa gaisuwarsa ba, gyauto kawai ya jefa masa. Saurayin ya yi bayani cewa agar ba ya narkewa sai ya tafasa sosai, kuma yana kamawa tun da sauran zafi, ba ya jira kamar jelatin. Baba ya ce to ashe mai gaggawa ne kamar 'yan zamani. Suka raba aiki, Gaetan na tafasa agar, Baba na kula da sukari, Noelie na riƙe da injin kaɗawa. Aka zuba da zafinsa a cikin kumfan, aka ɗiga ruwan furen lemo, aka juye a faranti da hanzari.

Sai jira. Mama ta ja 'yarta waje da gangan, ta bar maza biyu a kan benci. Baba ne ya fara magana, ya tambaye shi me ya gani a mayankar nan. Gaetan ya faɗa masa, bai ƙara gishiri ba. Ya kuma ce ranar Lahadin nan ya koma gida bai iya cin komai ba, domin ya ga irin kallon da Baba ya yi wa farantin, ya san ba alewa kaɗai ya mayar ba. Baba ya daɗe yana murza hannuwansa, sannan ya ce shi ma da an gaya masa tun farko da bai miƙa ba, amma 'yarsa ta san halinsa, shi ya sa ta ji tsoro, wannan kuma laifinsa ne.

Da yamma aka kira kowa. Baba ya barbaɗa garin sukari da sitaci, ya sa almakashi. Abin ya yanku tsaf, gefensa a tsaye. Ya ɗauki ɗaya ya tauna, ya rufe ido. Ya ce bai kai na kakansa ba, amma ba zai ji kunyar sa shi a shago ba. Sannan ya ɗauki wani ya miƙa wa Gaetan. Saurayin ya karɓa da hannu biyu ya ci, ya miƙa hannu ya ɗauki wani, ya ƙara wani, sukari ya yi masa fari a gemu.

— Kai, ya isa haka, bar wa mutane, in ji Baba. Ka gaya wa iyayenka su zo mu sa rana, kafin ka cinye mini jari.

Noelie ta rungume mahaifinta tana kuka tana dariya, Gwaggo kuma ta shiga gaya wa kowa cewa ita ce ta gyara lamarin.

An ɗaura auren da kaka, lokacin tsinkar inabi. Baba Firmin ya riƙo hannun 'yarsa ya shiga da ita, kuma shi ne ya fi kowa kuka, har sai da matarsa ta ba shi hankicinta. Bayan shekara suka haifi 'ya mace, tsohon ya ce wannan tun tana goyo zai fara koya mata sana'a, kada likitoci su riga shi.

Da Noelie ta bi ƙawayenta, da ta sami miji ta rasa uba. Da ta bi Gwaggo, da ta zauna da mijin da take tsoron ranar da zai gane. Sai ta ɗauki doguwar hanya, ta sha kuka da ƙona tukunya, ba ta yaudari kowa ba, ba ta kuma nemi wani ya zubar da mutuncinsa dominta ba. Mai haƙuri da gaskiya yakan yi jinkiri a hanya, amma idan ya isa, da mutanensa duka yake isa.