Duwatsu Ukun da Mudi Ya Ɗauka

Ku matso. Sau ɗaya zan faɗa.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina wa baƙi jagora a gandun dajin kan tsaunuka, inda gajimare ke kwana a ƙasa, ruwan rafi kamar ƙanƙara. Wata shekara na hau da mutum biyu daga birni, Hambali da ƙaninsa Mudi. Yawon buɗe ido suka zo, da tantinsu da abin ɗaukar hoto.

A bakin tudun ƙarshe akwai tarin duwatsu. Duk makiyayin da ya wuce sai ya ɗora ɗaya. Ba a ɗauka. Na gaya musu. Na tafi ɗebo ruwa, na dawo na tarar Mudi ya kwaso uku ya kafa murhu, shayi har ya tafasa. Na ce ya mayar. Ya ce sai da safe, sun yi zafi, kuma ai dutse dutse ne.

Bayan isha'i wani tsoho ya fito daga cikin gajimaren, sanda a kafaɗa. Bai yi sallama ba. Ya tsuguna gaban wuta. Mu duk bakinmu na fitar da tururi don sanyi. Nasa babu. Na dubi ƙasa. Dugadugansa ne a gaba, yatsun a baya.

"Wa ya yaye min rufin ɗaki?"

Hambali ya dubi ƙaninsa, sannan ya ce, "Ni ne, Baba."

Tsohon ya kama wuyan hannunsa. Na ji ƙashi ya ce ƙas. Ya maka shi da ƙasa, ya taka masa gwiwa, ya fara jansa a kan tsakuwa zuwa bakin kwazazzabo. Na zare addata na kai wa tsohon sara, addar ta dawo ta tsage min goshi. Jini ya rufe min ido ɗaya.

Na daka wa Mudi tsawa ya mayar da duwatsun. Ya cusa hannu cikin wuta. Ɗaya bayan ɗaya yake kaiwa, da gudu, fatar tafinsa na manne wa dutse. Ina jin ƙaurin. Na ukun na sauka a kan tarin, jan ya tsaya. Babu tsoho. Ƙafafun Hambali na reto a bakin kwazazzabo.

Kwana biyu ina goye da shi kafin mu sauko. Ya rayu, da ɗingishi. Mudi kuwa har yau yatsunsa ba sa miƙewa. Wansa ke sa masa maɓallin riga.

Kada in ji ɗayanku ya hau can shi kaɗai. Ku tashi ku kwanta.