Zaɓin Yaya da Zaɓin Auta

Mai shagon hoto ya kai ƙarar mai gyaran kwamfuta ofishin 'yan sanda, ya ce ya sace masa furosesa. Aka kamo mai gyara, aka rufe.

Sufeto bai san furosesa ba, kuma bai ɓoye ba. Ya tarar da mai ƙarar yana kai-komo a gaban kanta, waya na ta ruri a aljihunsa.

"Tsaya wuri ɗaya. Mene ne aka sace?"

"Ƙwaƙwalwar kwamfuta, ranka ya daɗe. 'Yar aba ce, ba ta cika tafin hannu ba. An cire tawa an sa mini wata."

"Yaya aka yi ka gane?"

"Bidiyon yaye ɗalibai nake haɗawa. Aikin da take gamawa nan da nan, yau tun safe take jan ciki da shi. Na duba sunanta a allo, na ga ba tawa ba ce. Ga shugaban makarantar nan yana ta kira."

"Wa ke taɓa kwamfutar?"

"Ni da ƙanena, Auta. Ni bidiyo, shi gyaran hoto. Sai wannan macucin da ya zo kaɗe mata ƙura jiya."

"Kuna zaman lafiya da ƙanen naka?"

"Ciki ɗaya muka fito. Ko musu ba ma yi."

Sufeto ya wuce bayan kanta. Mai gyara yana tsaye riƙe da ƙarfen ƙofa, ya ƙi zama.

"Ranka ya daɗe, matata ba ta san inda nake ba. Idan aka ji an rufe ni kan sata, wa zai sake ba ni gyaran ko da rediyo?"

"Ka buɗe kwamfutar?"

"Murfi kawai. Na hure ƙura, na mayar."

Sufeto ya nuna masa sunan furosesar da aka sa, yadda mai shago ya ɗauko shi a waya. Mai gyara ya ƙura ido, ya girgiza kai.

"Wannan ai ba tsohuwa ba ce, kuma ba ta fi waccan araha ba. Wane ɓarawo ne zai saci akuya ya ɗaure maka tunkiya?"

"Me ya raba su?"

"Ta mai shago kamar leburori ne da yawa, kowa ya ɗauki bulo ɗaya. Bidiyo haka yake so. Wannan kuwa leburorinta kaɗan ne, amma kowanne akwai zafin nama. Ita Auta ya so a saya, saboda hoto. A rumfata suka yi ta yi shi da yayansa, har Auta ya buga tebur ya fita."

"Cewa aka yi ba sa musu."

"To, sai dai in kunnena ne ya yi ƙarya."

Sufeto ya sa aka fito da shi. Su uku suka nufi shagon.

Auta yana zaune gaban kwamfuta, magidanci ne har da furfura a gemu. Yana share ƙuraje a fuskar wani ɗalibi. Hannunsa na aiki, ƙafarsa na rawa a ƙarƙashin kujera. Bai ɗago ba sai da yayansa ya yi masa tsawa.

Sufeto bai zauna ba. Ya zaga shagon. Fitilun ɗaukar hoto biyu ne, masu laima. Ɗaya tana tsaye tana kallon labulen da ake tsayawa a gabansa. Ɗayar an sauke ta har gwiwa, ta juya fuska wajen akwatin kwamfuta da ke ƙasan tebur.

"Wa ake ɗauka hoto a ƙarƙashin tebur? Ɓera?"

"Shara na yi, na ture ta," in ji Auta.

"Tsintsiya ce ta kwance mata wuya?" Sufeto ya juya ga mai gyara. "Kai ka ja ta?"

"Ni tocila nake ɗaurawa a goshi. Ban ma san inda ake kunna wannan ba."

"Auta, ka taɓa buɗe kwamfuta?"

"Ni? Ko sukundireba ban iya riƙewa ba."

Sufeto ya ce a buɗe. Mai gyara ya durƙusa, ya kwance murfi, ya cire fanka. Ga wani mai toka-toka ya malale ta ko'ina.

"Man sanyaya furosesa ne," in ji shi. "Ɗigo ɗaya ake sawa. Wannan ya lafta kamar mai yaɓen ɗaki, ya zo yana gogewa."

Waya ta sake ruri a aljihun mai shago. Ya kashe, ta sake.

Sufeto ya cire tabarau, ya huhhura, ya ɗaga shi sama.

"Ƙura ta rufe mini ido. Wa ke da ƙyallen goge gilashi?"

Mai hoto ba ya rabuwa da ƙyallensa. Kafin Auta ya yi tunani, hannunsa ya riga ya zaro shi daga aljihu. Sufeto ya karɓa, ya warware. Rabinsa ya daskare da man nan mai toka-toka.

Ƙafar Auta ta daina rawa.

"Ni ne," ya ce. "Bayan Yaya ya tashi jiya na canza ta da wadda na saya. Ba sata na yi ba. Tasa tana cikin jakar kyamarata."

"Don me?" in ji Sufeto.

"Hoto ne ke ciyar da shagon nan, ba bidiyo ba. Kullum ni ke zaune a kanta, amma da aka zo zaɓe ko kallona bai yi ba. Na ce bari in sa tawa, ya yi wata guda bai lura ba, sannan in gaya masa."

"Wata? Ko wuni ban yi ba!" in ji yayan.

"Kuma kana nan aka tafi da wannan bawan Allah," in ji Sufeto, "ka yi shiru."

Auta ya sunkuyar da kai. Ya dubi mai gyara.

"Ka yafe mini."

"Wannan sai na yi shawara da matata."

Sufeto ya zaro ankwa. Da mai shago ya ga ƙarfe ya hau hannun ƙanensa, sai ya sha gaban Sufeto. Ya tare ƙofa.

"Ranka ya daɗe, dakata. Zan janye ƙarar, zan kuma bi rumfa-rumfa in wanke wannan mutumin. Abu ɗaya nake so." Ya juya ga ƙanensa. "Auta, faɗi a gaban hukuma. Ka ce zaɓin Yaya ne daidai. Shi ke nan, ka kwana a gidanka."

Sufeto ya jira. Mai gyara ya jira.

Auta ya dubi kwamfutar, ya dubi yayansa, sannan ya taka zuwa ƙofa da kansa.

"Mu je, Sufeto. Ba zan faɗa ba."