Takalman Da Suka Yi Mata Kaɗan

"Ba zan sa ba!"

Ta ture takalman da ƙafa, ta juya masa baya. Baduku ne mijinta. Tun da cikinta ya tsufa ƙafafunta suka fara kumbura, duk takalmin da ya matse ta sai ya zauna ya yanka mata wani mai faɗi. Na yau har da 'yar fulawa ya ɗinka a kai.

"Haba gimbiyata... bai yi kyau ba?"

"Ya yi kyau, Yaya. Amma awo na ce ka kai ni! Kaina kamar zai tsage, har duhu-duhu nake gani."

Daga tsakar gida Umma, mahaifiyarsa, ta ɗaga murya. "Kumburin ƙafa kuma ciwo ne? Alamar ɗa namiji ce! Duk na haife ku babu wanda ya auna ni."

Ya kalli ƙofa, ya kalli matarsa. Bai taɓa yi wa Umma musu ba.

A hankali matar ta miƙo masa hannu. Zoben da ya sa mata ya nutse cikin yatsa.

"Shi ma faɗaɗa shi za ka yi?"

Ya dubi yatsan, ya miƙe. Ya fita ya durƙusa gaban Umma.

"Umma, ki raka mu asibiti. In namijin ne, ke za ki fara jin bugun zuciyarsa."

"Au... wai ana ji?"

Tana mita ta ɗauko mayafi.

Malamar asibiti ta ɗaura mata abin gwaji a damtse, ta duba fitsari, sai fara'arta ta ragu.

"Jininta ya hau sosai. Da kun ƙara jinkiri, da ita da abin da ke cikin duk suna cikin haɗari. Da kumburin ya fara, me maigidan ya yi?"

"Takalmi ya ɗinka min."

"Da ya ƙaru fa?"

"Ya ɗinka wani."

Dariya ta ƙwace wa malamar. Shi kuwa hawaye ne suka cika idonsa.

"Ki yafe min, abar ƙaunata..."

"Share hawayenka, kun zo a kan lokaci," in ji malamar. "Ga magani, kada ta fasa zuwa awo, kuma a nan za ta haihu."

Ta ɗora wata 'yar na'ura a kan cikin. Dum-dum-dum-dum...

Umma ta dafe ƙirji. "Ke yarinya, ƙara min sautin nan!"

Tun daga ranar, duk ranar awo Umma ce ke buga musu ƙofa. Matan layin kuwa sun sha wa'azi a bakinta, kai ka ce ita ta ƙirƙiro awon.

Haihuwa ta zo lafiya. Mace!

"Umma, ina namijin?" ya tsokane ta.

"Rufe min baki! Yaushe na ce namiji?"

Da matarsa ta murmure, wata safiya ya durƙusa gabanta riƙe da takalman da ya ɗinka mata suna saurayi da budurwa. Ta zura ƙafa. Cif!

Sannan ya zaro wasu 'yan mitsi-mitsi daga aljihu, ya sa wa jaririyar.

"Ran da suka matse ta, wallahi asibiti za mu nufa!"

Ta yi dariya har da ƙwalla, ta jingina da kafaɗarsa.

"A'a, masoyi. Ita kam girma za ta yi. Nata ka faɗaɗa."